Shagon da ya ɗinke littattafan Kawu Likita

Akwatin ƙarfe ne baƙi, irin na 'yan makarantar kwana, da sunan Kawu a kan murfin da farin fenti tun yana Kwalejin Gwamnati ta Keffi. Kawu ya rasu cikin azumin 2023 yana da shekara 76, Allah ya jiƙansa, amma sai da aka shekara da rabi kafin matarsa, wadda duk muke kira Mama, ta yarda a jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Ni ta kira, don a gidan na tashi tun ina 'yar shekara tara. Kawu wan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni, shi ya sa ni makaranta, shi ya aurar da ni.

Da muka buɗe, warin danshi ne ya fara tarbar mu. Damunar Jos ba ta raga wa takarda. A ciki akwai manyan littattafan rubutu masu bangon kwali guda goma sha ɗaya, daga 1976 zuwa 2004, duk da rubutun hannunsa. Akwai hotuna a cikin ambulan, da takardun shaidar karatunsa, da tsohon abin sauraron ƙirjinsa wanda robarsa ta bushe ta tsattsage. Biyu daga cikin littattafan gara ta fara cin gindinsu. Uku zarensu ya ruɓe, kana ɗagawa shafuka na zubewa. Mama ta ce, "Ki san yadda za ki yi da su, jikokinsa su san wane ne kakansu."

Wannan rubutun a kan shagon da ya yi mana aikin ne, abin da ya iya da abin da bai iya ba. Ba zan sa sunansa ba tunda akwai ƙorafi a cikin maganata, kuma mai shagon dattijo ne da nake ganin girmansa. Yana cikin layukan masu buga takardu da ke tsakanin Terminus da titin Rwang Pam. Wanda ya shiga wurin ya tambayi inda tsohon nan mai ɗinkin littafi da hannu yake, za a nuna masa.

Kafin na kai gare shi na shiga shaguna biyu. Dukansu shawara ɗaya suka ba ni: a yanke gindin littattafan da injin yanka, a lulluɓe kowane shafi da leda a gasa, a huda a sa zoben roba. Kwana uku an gama. Har na fara ciniki da na biyun, sai wata abokiyar aikina a makarantar da nake koyarwa ta ce in dakata in ga wani tsoho da ya gyara wa mahaifinta wani tsohon littafin fiƙihu.

Shagon ƙarami ne, bai fi ɗakin mutum ɗaya ba. Gaba akwai kwamfuta da na'urar ɗaukar hoton takardu, wani saurayi ɗan ɗan'uwansa ke zaune a kai. Ciki kuma teburin Baba mai shagon ne: matsin ƙarfe mai dunƙulen hannu, wuƙaƙe, ƙwaryar gam, ƙulle-ƙullen zare, da wani ƙashi mai santsi da yake ninke takarda da shi. Mutumin Pankshin ne, Kirista, Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi, ya ce a wata maɗaba'ar mishan ya koyi sana'ar yana yaro. Na ajiye littafi ɗaya a gabansa. Sai da ya tashi ya wanke hannu ya goge kafin ya taɓa. Da na faɗa masa shawarar da aka ba ni, ya girgiza kai.

"'Yata, leda kabari ce ga takarda. In kin gasa ta, kin rufe danshin a ciki, kuma ba mai sake fitar da ita har abada. Wannan tawadar alƙalami ce ba biro ba, zafi da ruwa duk maƙiyanta ne."

Ya ci gaba da buɗe shafukan a hankali. Can sai na ga ya tsaya, ya rufe littafin, ya ɗora tafin hannu a kai. Ya dubi saurayin da ya taso yana leƙe ya ce ya koma kujerarsa. Sannan ya tambaye ni, "Mai littafin nan likita ne?" Na ce e. Ya ce, "To sunayen mutane ne a ciki, da garuruwansu, da ciwon da ya kawo su. Na ga wata an rubuta ta yi ɓari, na ga wani an rubuta ciwon sanyi. Wataƙila suna raye, in ma sun mutu 'ya'yansu na nan. Kin ce kwafi za ki raba wa dangi?"

Gaskiya ban yi wannan tunanin ba. Idona na kan Kawu, ban ga mutanen da ke cikin littafin ba. Alhali ni shaida ce, a shekarun da na yi a gidansa ban taɓa jin ya ambaci sunan majinyaci a kan tabarmar cin abinci ba. Ko Mama in ta tambaye shi jikin wance da aka kwantar, amsarsa ɗaya ce: "Da sauƙi, ki je ki gaishe ta." Abin da ya ɓoye shekara kusan talatin, saura kaɗan in buga shi kwafi sittin.

Baba ne ya tsara yadda za a yi. Asalin littattafan za a ɗinke su yadda suke, su koma hannun Mama a kulle. Shafukan da za mu zaɓa don ɗan littafin tunawa kuwa, kafin a ɗora su a na'ura sai an yanka siririyar farar takarda an rufe layin suna da na gari. Ba a kwamfuta za a goge ba, a kan takardar za a rufe, don kada sunan ya taɓa shiga cikin na'urar. Kuma ba a ɗaukar hoton shafi sai ina wurin. Ranar da aka gama, a gabana aka zuba duk hotunan shafukan a filashina na kwamfuta, aka goge na kwamfutar, Baba na tsaye a kan yaron har ya buɗe kwandon shara na kwamfutar ya share. Ban roƙi ko ɗaya daga cikin wannan ba, kuma bai ƙara ko kwabo a kansa ba. Saboda wannan kaɗai zan iya tura kowa wurinsa da takardun gado, ko wasiƙun iyaye, ko duk abin da ke da sirri.

Ɗinkin kansa abin kallo ne. Na yi Asabar huɗu ina zuwa ina zama a kan benci, lokacin hunturu ya shigo, sanyin Jos na ratsa rigar sanyi. Farko ya warware kowane littafi, ya shimfiɗa shafukan tsakanin kwalaye masu tsotse danshi, ya ɗora nauyi, ya bar su mako guda. Ya ce sa'a muka yi da muka zo da hunturu, da damuna ce sai an ninka kwanakin. Fumfunar da ta hau wasu shafuka da burushi mai laushi ya kakkaɓe ta a bakin ƙofa, bai sa ruwa ba. Inda Kawu ya taɓa liƙe yagewa da salatif, wurin ya koma ruwan ƙasa kamar an ɗiga mai. Baba ya ɗaga abin da zai ɗagu da bakin wuƙa, wanda ya ƙi ya bar shi, ya ce tabon ba ya fita, kada wani ya yaudare ni. Yagaggun wurare kuma da wata takarda siririya kamar fatar albasa yake toshewa, da gam ɗin da shi yake dafawa da garin alkama. Sannan ya ɗinka ƙulli-ƙulli da zare da allura, ya manna yadi a gindin, ya mayar da tsofaffin bangayen a kan sababbin kwalaye, har da shekarun da Kawu ya rubuta a kansu da jan biro. Yanzu kowane littafi yana buɗuwa ya kwanta shamɓal ba ya ƙara.

A kan bencin nan na karanta Kawu. Na san ya yi karatun likita a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya gama a 1975, na san gwamnatin Filato ta yi ta yawo da shi, Shendam, Langtang, Lafiya tun ba a cire Nasarawa ba a 1996, sannan Jos. Amma ban san yadda kwanakinsa suke ba sai a nan. Rubutun da Turanci ne, irin na likitoci, gajere-gajere. A gefen shafi kuma yakan yi wa kansa magana da Hausa, wani lokaci da ajami.

Littattafan Langtang su suka fi riƙe ni. Da an fara noma, da kuma lokacin girbi, shafi bayan shafi saran maciji ne, yawanci kububuwa, wadda mutane ke kira gobe da nisa. Dafinta hana jini daskarewa yake yi, mutum ya zo da ƙafarsa yana magana, kwana biyu jini na fita ta dasashi da fitsari. Kawu ya zana 'yar kwalba a gefen wani shafi ya rubuta wa nas-nas ɗinsa yadda ake gwaji: a ɗebi jini kaɗan a zuba a kwalbar gilashi mai tsabta busasshiya, ba ta roba ba, a ajiye minti 20 ba a taɓa ba, sannan a karkata. In ya daskare, a ci gaba da lura. In yana nan ruwa, dafi ya shiga, a ba da maganin dafi, bayan awa 6 a sake gwadawa. Har yau da wannan gwajin ake aiki a asibitocin karkara. A ƙarƙashin wani shafi na watan Nuwamba ya rubuta: "Kwalba uku suka rage, mutum biyar a kwance. Allah ka nuna min." Washegari ya rubuta sunaye uku da ya ba maganin dafin, da dalilin zaɓen kowanne. Ɗaya daga cikin biyun da suka jira bai kai zuwan mota daga Jos ba. Kawu ya ja layi a ƙarƙashin sunansa sau biyu. Na fita waje na tsaya jikin bango na yi kukana, na dawo na tarar Baba ya aika an sayo min shayi, bai ce min komai ba.

Na kuma gano asalin wata ɗabi'arsa da muke mamaki muna yara. Kawu ba ya yarda a bar abinci a buɗe ko dare ɗaya, ba ya yarda a shanya gari a ƙasa, ɓera ɗaya in ya gani sai an juye ɗakin ajiya. A asibiti kuma an san shi da faɗa a kan allura da safar hannu. A bangon ciki na littafin farko ya rubuta sunan Dokta Jeanette Troup da shekarar 1970. Ita ce likitar mishan 'yar Amurka ta asibitin Jankwano da ta yanke a hannu tana binciken gawa lokacin da zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke yaɗawa, ya ɓarke a Jos, ta kamu, ta rasu a Fabrairun shekarar. Shekara ɗaya kafin nan aka fara gane cutar, bayan wata nas da aka ɗauko daga garin Lassa ta ƙasar Borno ta rasu a nan Jos. Kawu na ɗalibi a Zariya lokacin, ɗan Jos, labarin garinsu ne. Bai rubuta komai a ƙarƙashin sunan ba, amma duk sabon littafin da ya buɗe sai ya sake rubuta shi.

Na 1996 kusan rabinsa sanƙarau ne, shekarar da annobar ta kama mutum fiye da 100,000 a Arewa ta kashe sama da 11,000. Rubutun nan ya karkace, ka san mai shi ba ya barci. Na 2001 kuma ya riga ya bar aikin gwamnati ya buɗe ɗan sha-ka-tafi a zauren gidansa da ke titin Bauchi. Daga Juma'a 7 ga Satumba zuwa kwana shida a gaba, kwanakin rikicin Jos, babu suna ko ɗaya da za mu rufe. Lamba kawai yake sa wa mutum, da irin raunin, da ɗinki nawa. Ni ina gidan a kwanakin, ni ke dafa ruwan da ake tafasa almakashi. Na san waɗanda aka shigo da su ta ƙofar baya ba duka masu salla ba ne, kuma na san dalilin da ya hana shi rubuta suna.

To, ƙorafina. Uku ne, kuma ɗaya babba ne.

Baba ya ce mako uku, aikin ya ci bakwai. Wani ɓangare laifin wuta ne, ba su da janareta sai na maƙwabci da suke jona waya in ya tayar. Amma wani ɓangaren, Baba ba ya iya cewa a'a. Ana kawo masa kundin ɗalibai masu gaggawa sai ya ajiye nawa ya yi nasu. Kuma ba ya kira ya faɗa maka. Sau biyu na biya kuɗin Keke na zo na tarar ba a taɓa komai ba. Mai ranar da ya tsayar, kamar taro ko walima, ya ninka kwanakin da aka faɗa masa.

Na biyu hotuna. Baƙi-da-farin na shekarun 1970 suna nan garau, masu kalar na 1980 ne suka koɗe suka yi ja. Akwai ɗaya da ya manne da gilashin firam, Baba ya hana a ɓanɓare, aka ɗauki hotonsa ta cikin gilashin, ya fito da kyau. Amma hoton Kawu na ranar kammala karatu, wanda muke so a bango, saurayin ya zuba shi a wata manhajar waya mai gyara fuska. Da ya nuna min yana murna, wani mutum na gani. Fata sumul kamar ta jariri, hanci ya miƙe, an goge billen da ke kumatunsa na hagu, manhajar ta ɗauka tabo ne a jikin takarda. Billen nan kakarmu ta sa aka yi masa, da shi 'yan Gangare ke gane shi daga nesa. Na ce a mayar da hoton yadda yake, da dishi-dishinsa da komai. Yaron ya yi ta gardama wai nasa ya fi kyau, sai da Baba ya ce, "Kai, ba kyau ta zo nema ba, kawunta ta zo nema." Duk mai kai musu tsohon hoto ya faɗa tun farko cewa ba ya son gyaran fuska.

Na uku shi ne wanda har yanzu in na tuna gabana ke faɗuwa. A cikin akwatin akwai wani kati da Kawu ya rubuta da Hausa yana raba wa iyaye mata a shekarun da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, daga 1985, lokacin da ake ta wayar da kai a kan ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa. Ma'aunin wancan lokacin: ƙaramin cokali 1 na gishiri a shafe, ƙaramin cokali 10 na sukari a shafe, a cikin ruwa mai tsabta kwalbar lemo 2. Yanzu na ƙunshi ake ba da shawara a saya a kemis tare da ƙwayar zinc, amma mun so katin ya shiga littafin don tarihi. Katin ya koɗe, sai aka ce a sake buga shi da kwamfuta a ƙarƙashin hotonsa. Yaron ya juya lambobin: gishiri 10, sukari 1. An riga an buga kwafi 60, an ɗinke 20, kafin na gani a gida da daddare. Gishiri mai yawa haka yana iya kashe jariri. Kuma da sunan likita a kai, a gidajen da ke cike da masu goyo waɗanda suka yarda da duk abin da Kawu ya ce.

Ina da rabona a laifin, don an ba ni gwaji na duba, na karanta kalmomi ban tsaya kan lambobi ba. Amma wanda ya buga shi ma bai sake kallon asali ba. Ga kuma rashin haruffa masu lanƙwasa: kwamfutarsu ba a saita ta da ƙ da ɗ da ɓ ba, ɓari ya koma bari, ƙoda ta koma koda, ɗa ya koma da. Sai da na zauna kusa da shi kwana biyu muna bi layi-layi. Da na kai wa Baba shafin gishirin da safe, ya sa tabarau ya karanta, ya ɗauko katin asali ya gwada, ya yi shiru. Ya ce kwafi nawa suka fita daga hannuna? Na ce ko ɗaya. Ya ce, "Mun gode Allah." Shi da kansa ya warware ashirin ɗin nan, ya cire shafin daga duka sittin, ya yayyaga a gabana, aka sake bugawa da kuɗinsa. Bai yi wa yaron tsawa a gabana ba, amma da na dawo na tarar an liƙa takarda a jikin kwamfutar: duk lamba a karanta sau biyu da baki. Shawarata dai, mutum ya buga rubutunsa a gida ko wurin wanda ya iya Hausa, ya kawo musu a shirye. Hannun Baba za ka saya a shagon nan, ba kwamfutarsu ba.

Kuɗi kuwa, ɗinkin kowane littafi naira 7,000 ya karɓa, biyun da gara ta ci 10,000 kowanne. Ɗan littafin tunawa mai shafi 48, kwafi 60 da bango mai kauri, ya tashi 150,000 har da ɗaukar hoton shafuka. Ya fi na masu leda tsada kusan ninki biyu, kuma ban ji an cuce ni ba. Ana biyan rabi a fara, rabi in an gama, hannu ko tiransifa. Rasit sai ka tambaya, ka tambaya kuwa, a rubuta yawan abin da ka bari. Wurin ajiye mota babu, gara mutum ya zo a Keke. Ba sa buɗewa ran Lahadi.

Littafi na goma sha ɗaya bai cika ba. Kawu ya tsaya a watan Yunin 2004, lokacin da idonsa ya fara ba shi wahala, saura shafuka kusan tamanin farare. Baba ya tambaye ni ko a cire su littafin ya yi sauƙin ɗinki, na ce sai na tambayi Mama. Ta ce a bar su. Ranar da na kawo littattafan gida a cikin kwali, ta sa aka shimfiɗa darduma, ta ɗauko su ɗaya bayan ɗaya tana shafa bangon tana karanta shekarun. Da ta zo kan na ƙarshen ta buɗe wurin fararen shafukan, ta kira jikarta da ke aji uku a karatun likita a Jami'ar Jos, wadda ta zo hutun mako. Ta ce, "Wannan ba naki ba ne tukuna. Ran da kika gama, ki zo ki karɓa a hannuna, in ba na nan ki karɓa a hannun antinki." Sannan ta mayar da su cikin akwatin ƙarfen, wanda yanzu muka ɗora a kan katako nesa da bango kamar yadda Baba ya ce, ta kulle, ta ɗaure makullin a bakin zanenta.